Kofin Nono ga Yaron da Aka Yaye
Laccar da aka gabatar a Madarumfa



Iyayenmu masu sarauta, malamanmu, iyaye mata da kakanni, ungozomomi, abokan aikina ma'aikatan lafiya, da ku magidanta da kuka baro gona a tsakiyar damina kuka zo, ina gaishe ku da kyau. Na ga fuskokin mutanen Ɗan Isa, da Gabi, da Safo, da Sarkin Yamma, da Jiratawa. Allah ya saka muku da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Maganar da zan yi ta mata ce, irin wadda aka saba yi a ƙuryar ɗaki, kuma ga iyayena maza zaune. Ku yi mini afuwa. Alƙur'ani mai girma da kansa ya yi maganar shayarwa a fili, har ya ƙidaya mata watanni, don haka ba abin ɓoyo ba ce.

Wata mata ce ta ba ni abin da zan faɗa yau. Ta jira sai da layin awo ya ƙare, kowa ya watse, sannan ta matso kusa da ni. Tana goye da jaririya 'yar wata biyu, ga yaro namiji da ya ɗan haura shekara biyu riƙe da gefen zanenta, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa sirara. Ta ce, "Malama, zan tambaye ki wani abu, amma don Allah kada ki faɗa wa kowa." Tun da aka yaye yaron nan, in ji ta, bai ƙara lafiya ba. Yau zawo, gobe mura, jibi zazzaɓi. Da ta haihu ta ga nono ya cika har yana jiƙa mata riga, sai ta fara tatsa a ƙaramin kofi tana ba shi a ɓoye, safe da dare. Ran nan uwar mijinta ta shigo ta same ta. Tsohuwa ta ce wannan abin kunya ne, yaron da aka yaye in ya koma wa nono dolo zai zama, kuma rabon ƙanwarsa yake shanyewa. Matar ta dube ni ta ce, "Malama, cutar da shi nake yi, ko magani nake yi masa? Kuma a wurin Allah ina da laifi?"

Ban faɗi sunanta ba, ba kuwa zan faɗa ba. Amma tambayarta ba tata ba ce ita kaɗai. Na ji ta daga bakin mata da dama, kowace tana zaton ita ce ta farko. Har a ƙasashen Turai da Amurka akwai iyaye mata da ke tatsar nono su ba ɗan shekara huɗu ko biyar idan mura ta shigo gida.

Mu fara da abin da ke cikin kofin. Kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, shi ya sa muke ta nanata cewa jaririn da bai kai wata shida ba ba ya bukatar ruwan randa ko a tsakiyar bazara. Sauran kuwa mai ne, da sukarin nono, da furotin, da bitamin. Amma abin da ya raba shi da madarar gwangwani, ya raba shi da nonon da 'yar Fulani ke kawo mana a ƙwarya, shi ne garkuwar da ke cikinsa. Ku lura da yadda Allah ya tsara abin. Uwa tana shaƙar ƙurar da ɗanta ke shaƙa, tana shan ruwan rijiyar da yake sha, tana taɓa abin da yake taɓawa. Duk ƙwayar cutar da ke yawo a gidan, jikinta ya riga ya gamu da ita, ya ƙera mata makami, ya turo makamin cikin nono. Idan yaro ya sha, garkuwar nan sai ta shafe bakinsa da maƙogwaronsa da hanjinsa, ta riƙe ƙwayoyin cuta ta hana su maƙalewa. Akwai kuma wani sinadari da ake kira laktoferin, wanda ke ƙwace ƙarfen da ƙwayoyin cuta ke bukata don su hayayyafa.

To, ga inda nake son ku buɗe kunne. Wannan garkuwa kamar yaɓen ɗaki take. Magidanta sun sani, yaɓen bara ba ya tare ruwan bana, sai an sabunta. Garkuwar nono a saman hanji take aiki, ba ta shiga jini ta zauna. Muddin yaro yana sha, tana nan. Ran da ya daina, cikin ɗan lokaci ta wanke. Abin da ke koya wa jikin yaro ya ƙera makaminsa da kansa, ya riƙe shi shekara da shekaru, shi ne rigakafi. Mu mutanen Madarumfa ba baƙin wannan magana ba ne. A nan gundumar ne aka gwada wani rigakafin zawon rota mai jure zafi, wanda aka yi a Indiya, a kan jarirai fiye da 3,500, tare da ƙungiyar likitocin MSF da cibiyar bincike ta Epicentre da ma'aikatar lafiya ta ƙasarmu Nijar. Sakamakon ya fito a 2017, ya nuna rigakafin ya rage zawon rota mai tsanani da kusan kashi biyu cikin uku. 'Ya'yanku ne aka ɗiga wa shi a baki, yau ga shi yana amfanar yaran wasu ƙasashe.

Shin nono yana lalacewa don yaro ya girma? Ba ya lalacewa. Wasu na cewa bayan shekara guda ruwa ne kawai. Da aka auna nonon matan da suka wuce shekara suna shayarwa, sai aka tarar maiƙonsa ya ƙaru, sinadaran garkuwa ma sun ƙara kauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin wata 6 zuwa 12 nono na iya biya wa yaro rabin ƙarfin da jikinsa ke nema ko fiye, tsakanin wata 12 zuwa 24 kuwa kashi ɗaya cikin uku. Shawararta ita ce a shayar har shekara biyu ko fiye da haka. Kalmar "ko fiye" tana nan a ciki. Batun zama dolo kuwa, iyayena kakanni ku gafarce ni, ba shi da tushe. Binciken da aka yi a ƙasashe da yawa akasin haka ya nuna: yaran da suka daɗe suna shan nono, in an haɗa su jimla, sun ɗan fi sauran kaifin fahimta. Don haka amsar farko da na ba matar nan ita ce: ba ki cutar da shi ba. Nononki ne, ɗanki ne, kuma nonon da ya dace da jaririyar wata biyu ba zai zama guba a cikin ɗan shekara biyu ba.

Sai dai ba zan tsaya nan in sallame ku ba, domin rabin gaskiya ke nan, kuma sauran rabin ya fi nauyi. Mu yi lissafi. Rabin ƙaramin kofi, mililita 100, yana ɗauke da kalori kusan 70. Ɗan shekara biyu yana bukatar kusan kalori 1,000 a yini. Wato abin da matar nan ke tatsa safe da dare, da wahalarta da ɓoyonta, bai kai kashi biyu cikin goma na abin da cikinsa ke nema ba. Ƙwai guda ɗaya dafaffe ya kai rabin kofin nan ƙarfi. Ledar abincin gyaɗar nan da ake bai wa masu tamowa, wadda mata ke ce wa biskit, kalori 500 ce. Nono kuma ba shi da ƙarfen jini mai yawa, alhali ƙarancin jini na cikin manyan abubuwan da ke kwantar da yaranmu, musamman yanzu da sauro ya yi yawa. Yaron da gashinsa ya yi ja, damtsensa ya tsuke, ko ƙafarsa ta kumbura, ya wuce inda kofin nono zai ɗaga shi. A auna damtsensa da zaren awon nan mai launi uku. In ya faɗa ja, ranar za a kai shi likita, ba gobe ba. In ya ƙi cin abinci, ko jiki ya kumbura, ko yana amai, wurinsa CRENI, sashen asibiti da ake kwantar da masu tamowa.

Nono ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Ba ya warkar da amosanin jini, wato sikila. Ba ya tsayar da farfaɗiya, ba ya maganin ƙyanda. Yaron da ke zawo, in yana shan nono a ci gaba da ba shi, a ƙara ma, amma tare da ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinki. Tsorona shi ne uwa ta riƙe kofi kwana uku tana jiran ya yi aiki, zazzaɓi kuwa yana cin jinin yaro, sai a kawo mana shi tafin hannunsa fari fat. Haka nan ɗiga nono a idon jariri mai fitar da ruwan mugunya. Irin wannan ciwon ido na iya makantar da jariri cikin 'yan kwanaki, kuma maganinsa yana likita.

Matasanmu masu waya za su ce sun gani a Facebook da TikTok cewa nono na maganin kansa, wato ciwon daji. Ga asalin labarin. A 1995, a jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, wata farfesa mai suna Catharina Svanborg da abokan aikinta sun lura cewa wani furotin na nono, idan ya haɗu da wani nau'in mai, yana kashe ƙwayoyin kansa a cikin kwanon gwaji. Suka sa wa haɗin suna HAMLET, kuma har yau ana aiki a kansa don a mayar da shi magani. Amma abin da aka tace aka sarrafa a ɗakin bincike daban, kurɓar nono daga kofi daban. A Amurka ma akwai kasuwar sayar da nonon mata ta intanet, har manya masu ɗaga ƙarfe suna saye suna sha. Da masu bincike a jihar Ohayo suka sayi irin wannan nono kwalba wajen 100 suka auna, a rahotonsu na 2013, kusan kashi uku cikin huɗu sun gurɓata da ƙwayoyin cuta. A wani awon na 2015 sun tarar kusan ɗaya cikin goma an sirka shi da madarar shanu.

Yanzu in koma ga matar nan, domin akwai tambayar da na yi mata wadda ita ce zuciyar laccar yau. Na ce, "Yaushe kika yaye shi?" Ta ce yana wata goma sha shida. Na ce, "Me ya sa?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ciki ne ya shiga." Ran da aka gane, ranar aka shafa wa nono abu mai ɗaci, aka ba yaro rubutu, da yamma aka ɗauke shi zuwa ƙauyen kakarsa. Jiya yana da nono, yana da bayan uwarsa, yana da ɗuminta da dare. Yau babu ko ɗaya. Ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ya ƙi cin tuwo, aka riƙa ɗura masa fura da ruwan da ya samu. Kafin sati biyu zawo ya kama shi. Da aka tambayi dalili, sai aka ce ai ya riga ya sha nonon ciki.

Jama'a, ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne yaran rurrutsa, ko kwanika kamar yadda wasu ke cewa, suna yawan lalacewa. Kakanninmu sun ga abin da idonsu, ba ƙirƙira suka yi ba. Inda aka yi kuskure shi ne wurin ɗora laifi. Nonon mai ciki ba ya ruɓewa. Yakan ragu idan ciki ya kai wata huɗu ko biyar, ɗanɗanonsa ya ɗan yi gishiri, wasu yaran ma su bar shi da kansu. Abin da ke kayar da yaro shi ne yankewar rana ɗaya: an cire masa kashi ɗaya cikin uku na abincinsa, an cire masa yaɓen hanjinsa, an cire masa uwarsa, duka a yini guda, sannan aka bar shi da kunu tsararo. Mutanen Ga na ƙasar Gana sun daɗe da gane wannan. Ciwon kumburin nan na tamowa, a harshensu sunansa kwashoko, ma'anarsa ciwon yaron da aka ture don wani ya zo. Wata likita mai suna Cicely Williams da ta yi aiki a can ita ta shigar da kalmar cikin littattafan likitanci a 1935, duniya kuma ta ɗauka.

Malamanmu suna nan, su gyara mini in na yi kuskure. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim akwai hadisin Judama 'yar Wahbi, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya bayyana cewa ya yi niyyar hana gila, sai ya duba ya ga Rumawa da Farisawa suna yi kuma ba ya cutar da 'ya'yansu, sai bai hana ba. Imamu Malik ya fassara gila da kusantar mace mai shayarwa, wasu malamai kuma suka ce ita ce shayarwar mai ciki. Ko wace fassara aka ɗauka, maganar tana kan wannan tsoro namu ne. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa, ta ɗora ciyar da uwa da tufatar da ita a kan uba, ta kuma ce yaye kafin lokaci sai da yarda da shawara tsakanin iyaye biyu. Ina ne aka ce wata goma sha bakwai ga namiji, sha tara ko ashirin da ɗaya ga mace? Al'ada ce, kuma al'adar da ke rage wa yaro abin da Allah ya ba shi ta cancanci a sake dubanta.

Ku duba girman abin a wurinmu. Babban binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, a jihar Maraɗi kuwa 8.4. Jariran da ba su kai wata shida ba waɗanda ke shan nono zalla, ba ruwa ba bauri, kashi 23 ne kacal cikin 100 a wancan binciken. Inda haihuwa ke kusa da kusa haka, yaye na gaggawa ba zai zama abin nadiri ba. Waɗanda suka manyanta a cikinmu ba su manta 2005 ba, shekarar da MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar nan, akasarinsu a jiharmu. Ku tuna shekarun yaran da suka cika tantunan jinya a lokacin. Mafi yawansu 'yan ƙasa da shekara uku ne, shekarun yaye. Har yau, duk damina, daga Yuli zuwa Oktoba, gadajen yara a asibitin garin nan cika suke, wasu iyayen ma daga ƙetaren iyaka, ta wajen Jibiya da Katsina, suke zuwa.

Saboda haka mai ciki lafiyayya tana iya ci gaba da shayarwa, tana ragewa sannu a hankali, yaro yana sabawa da abinci yana kuma kusa da ita. Wadda ke ganin jini, ko ta taɓa ɓari ko haihuwar bakwaini, ko take ɗauke da tagwaye, ko jikinta ya rame ƙwarai, ta zo awo a duba ta tukuna. Mafi alheri kuma a ba da tazara tun farko, miji da mata su zo tare a yi musu bayani.

Ina ne, to, gurbin kofi? Yana da gurbi, kuma mai daraja. Jaririn da aka haifa bai kai ba, wanda ba shi da ƙarfin tsotso, da kofi ake rayar da shi. Yaron da ciwon baki ya hana shi kama nono, a tatsa a ba shi da cokali. Uwar da za ta wuni a gona, ko kasuwa, ko ɗalibar da ke goyo, ta tatsa ta bari. Da kuma irin yaron matar nan, wanda aka yanke wa nono kafin lokacinsa, yana fama da jinya, ya ƙi komai: in zai karɓi nonon uwarsa a kofi, a ba shi, ƙari ne a kan abinci da magani. Na san wasu mata na cewa, "Ni saniya ce da za a tatse ni?" 'Yar'uwa, babu ƙasƙanci a ciki. Hannunki ne, ɗanki ne.

Yadda ake yi ba wuya. Ki wanke hannu da sabulu. Ki wanke kofi mai faɗin baki, ki zuba masa tafasasshen ruwa, ki zubar. Babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, a gefen baƙin da ya kewaye kan nono. Ki danna baya wajen ƙirji, ki matse, ki saki, ki riƙa zagayawa. Kada ki ja kan nonon, ciwo kawai zai yi. Ki rufe kofin ki ajiye a wuri mafi sanyi a ɗaki, gindin randa misali. A ɗaki mai sanyi yana kai awa huɗu. A zafinmu na Afrilu da Mayu, da ma'auni ke haura 40, kada a jira, a ba yaro da wuri. Mai firji da wutar da ba ta yankewa na iya ajiyewa har kwana huɗu. Ba a ɗora shi a wuta, ba a zuba shi cikin kunu mai tururi, domin zafi yana kashe garkuwar da ake nema. In ana son ya yi ɗumi, a tsoma kofin cikin ruwan ɗumi. A guji kwalbar nan mai kan roba, wankinta wuya gare shi, ita ce gidan zawo. In kin ga nonon ya rabu, mai ya taso sama, ƙasa ya yi tsararo, bai lalace ba, kaɗa shi za ki yi. Gwajin da ake yi na jefa tururuwa cikin nono, in ta mutu a ce nonon mugu ne ko yana da ƙaiƙai, babu abin da yake nunawa. Tururuwa ko a ruwan zuma aka jefa ta nutsewa za ta yi.

A wuri ɗaya tsohuwar nan, uwar mijin matar, tana da gaskiya, kuma dole in ba ta. Jaririya ce mai haƙƙin farko. Yayanta yana da tuwo, yana da wake, yana da kifin tafki. Ita ba ta da komai a duniya sai nonon nan. Dakashin kwanakin farko, mai kauri mai ruwan ɗorawa, nata ne ita kaɗai, ba a zubar da shi, ba a raba shi. Bayan haka ma sai ta sha ta ƙoshi ta saki da kanta, sannan a tatsa wa babba abin da ya saura. Nono ba randa ba ne da ke ƙarewa in an ɗiba. Ya fi kama da rijiya mai idon ruwa, gwargwadon ja gwargwadon tsattsafowa. Amma rijiyar jikin mace ce. Mai shayarwa na bukatar ƙarin kalori kusan 500 kowace rana. Idan aka ga nauyin jaririya ya tsaya a katin awo, ko uwa tana ramewa tana jiri, a dakatar da kofin babba.

Saura batun da ya fi bukatar taka tsantsan, wato nonon wata mace. Wani lokaci kishiya ko maƙwabciya ko ƙanwa ce ke da nono, a ce ta tatso a ba yaron da ba shi da lafiya. Ta fuskar lafiya, cutar sida tana bi ta nono, kuma ba a gane mai ita da ido. Kada a ba yaro nonon matar da ba a yi wa gwaji ba. Ƙasashen da ke da rumbun ajiyar nono, irin Barazil mai fiye da 200, ko Kenya da ta buɗe nata a asibitin Pumwani na Nairobi a 2019, sai sun gwada jinin mai bayarwa, sun dafa nonon a zafin digiri 62.5 na minti 30, kuma jarirai bakwaini suke ba, ba yara masu gudu a tsakar gida ba.

Ta fuskar addini kuwa, kofi ba ya kuɓutar da kowa daga hukunci. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala ta Ibnu Abi Zaid, duk nonon da ya isa cikin yaro a cikin shekara biyu, ko da tsotsa ɗaya ce, yana haramta aure, kuma malamai sun ce daidai ne ya tsotsa ko an ɗura masa. An ƙara wata ɗaya ko biyu a kan shekara biyun. Idan kuwa an riga an yaye shi, ya wadatu da abinci, abin da ya sha daga baya ba ya haramtawa. Shafi'iyya sun ce sai sha biyar. Labarin Salim, wanda ya girma a gidan Abu Huzaifa, aka umarci Sahla 'yar Suhailu ta shayar da shi yana babba, mafi yawan malamai sun ɗauke shi rangwame ne gare shi shi kaɗai, kuma Alƙali Iyal ya ce mai yiwuwa tatsa ta yi a mazubi ya sha. Saboda tsoron cakuɗewar zumunta ne Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta hana kafa rumbun nono a zamanta na Jidda a 1985. Mu nan da auren zumunci ya yi yawa, ɗan wa da 'yar ƙane, abin ba wasa ba ne. Duk wadda ta shayar da ɗan wata, ko a kofi ko a cokali, ta faɗa wa mijinta da iyayen yaron, a sami mai rubutu ya rubuta sunaye da watannin yaron a ajiye. Yaron da ke tsakanin yaye da rashin yaye, a kai maganarsa gaban malami. Amma uwa da ɗan cikinta, babu wata sabuwar haramci da za ta taso, kuma nonon 'yar Adam mai tsarki ne a mazhabarmu. Akwai malaman Hanafiyya da ba su yarda a ba yaro nono bayan wa'adi ba sai da lalura, wannan ma ku sani.

Abin da na ce wa matar nan ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce ba ta da laifi, ta daina ɓoyo. Jaririya ta fara sha, ta tatsa wa yaro sauran in tana da ƙarfi. Na auna damtsensa, ya faɗa ja, muka sa shi cikin shirin masu tamowa a ranar. Na ce idan ya gama, kununsa ya zama mai kauri, da ƙuli ko garin wake, da cokalin mai, da garin zogale, a ba shi a kwanonsa shi kaɗai sau huɗu ko biyar a yini, kada a haɗa shi akushi ɗaya da yayye masu saurin hannu. Na ce ƙwai ba ya mayar da yaro ɓarawo, a dafa masa. Na kuma roƙe ta ta dawo da uwar mijinta, domin a gidajenmu kaka ce ke yanke ranar yaye, kuma maganar da ba ta shiga kunnen kaka ba, ba ta shiga gida ba.

Don haka roƙona gare ku ne, iyayena kakanni. Idan surukarku ta zo muku da ciki alhali tana goyo, kada a ɗauke yaron a ranar. Ku bar shi kusa da uwarsa, a rage masa sannu sannu, ku zo tare da ita awo mu duba ta. Ku kuma magidanta, kifin tafkin nan da zogalen Jiratawa da ƙwan zabin damina da kuke kaiwa kasuwar Maraɗi, ku cire na mai shayarwa da na ɗan yaye kafin ku ɗaure kaya. Kuma kafin ku bar wurin nan, duk wadda ta zo da yaro tsakanin wata shida da shekara biyar, ta biya ta teburin da ke bakin ƙofa a auna damtsensa, a duba katin rigakafinsa.